Bakin Titin Kwanni

Illela, ranar Asabar.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar taki, ya mutanen Kalmalo? Matata Ramatu, wadda ke rubuta mani wagga takarda, tana gaisuwa. Muna lafiya, amma hankalina ba ya kwance.

Inna, kin san tun da na fara koyarwa a makarantar Alhaji Maccido ba wanda ya ce makantata ta rage wa yaro karatu. To, ɗansa Mujtaba ya karɓi makarantar, kuma ba ya son ganina da sanda cikin aji. Kunyar iyayen yara ta hana shi korata kai tsaye, sai ya sa ni cikin masu tsallakar da yara titin Kwanni in an tashi. Wai aikin kowane malami ne, in ban iyawa in ba da wuri. Malama Shahida ta ce za ta karɓe mani, ya hana.

Manyan motoci ba su dame ni ba, ina jin su tun daga nesa. 'Yan kabu-kabu masu jarkokin mai ne tashin hankalina, don kashe inji suke yi su gangaro shiru. Wallahi abinci ba ya shiga. In wani abu ya faru, mi zan ce wa uwar yaro? Jibi ne ranar tawa, ki sa ni addu'a.

Ɗanki,
Sahabi.

Illela, ranar Talata.

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya.

Jiya na tsaya bakin titi, ƙananan hannuwa riƙe da rigata ta ko'ina. Na saurara, na ji shiru, na ɗaga ƙafa, sai iskar babur ta buge mani fuska. Innalillahi! Na maido yaran inuwa muka zauna, har iyaye suka biyo sawu suna faɗa. Kowane yaro ya kwana gidansu, alhamdu lillahi.

Da safe Mujtaba ya sallame ni gaban malamai, wai ba shi ya ce ba, ni na nuna da kaina. Tsoro nake ji, Inna, ban san wata sana'a ba sai aji.

Ina fitowa ƙofar makarantar da sandata, wani mai wucewa ya danƙa mani sadaka a hannu. Na buɗe baki in ce mashi ni malami ne, na kasa.

A gaida kowa.

Ɗanki,
Sahabi.