Irin Shayin Baba

Litinin

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Ina fata likitan ya gaji da yi miki alkawari ya fara yi miki magani. Yaya Injiniya da matarsa da jikokina? Ki shafa mini kan ƙaramar. Ni lafiya lau nake, in ban da ciwon bayan da kika sani.

Na ɗauki biro maimakon waya ne don na lura duk sanda na kira, matar Injiniya sai ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, wai saboda kunnenki. Kunnenki ƙalau yake. Nata ne ke ƙaiƙayi.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Ina kaɗa fiyano a otal ɗin bakin titi, Juma'a da Asabar da yamma. Kin san tun da sabon fasto ya kawo samarinsa da gangunansu da na'urar nan mai kiɗa da kanta, aka ce in huta. Ni da aka tura makarantar kiɗa, nake karanta waƙa a takarda kamar yadda wasu ke karanta jarida, ni aka tsayar a ƙofar majami'a ina raba littattafai. Mai otal ya ji labari ya aiko a kira ni. Fiyanonsa tsoho ne, wasu maɓallan sun mutu, amma in na taɓa shi yana amsa mini da ladabi, abin da samarin fasto ba su iya ba.

Waƙoƙin sujada nake kaɗa musu, sai dai ina jan su a hankali. Masu shan giya sun ɗauka waƙoƙin soyayya ne na ƙasashen waje. Makon jiya wani ƙaton ɗan kasuwa ya yi ta share hawaye a kan waƙar da muke yi a jana'iza, ya ce ta tuna masa da budurwarsa ta farko.

Tunda ban saba ɓoye miki komai ba, akwai kofin shayi da mai kantar giya yake ajiye mini a kan fiyano. Abin da ke ciki ba shayi ba ne. Dabara ce tsakanina da shi kaɗai. Kofi ɗaya ne, ba na ƙarawa, kuma lamirina bai taɓa ce mini uffan ba. Na karanta Nassi fiye da duk dattawan nan in an haɗa su. Buguwa aka hana. An 'yantar da mu, ba don mu koma bauta wa ra'ayin mutanen da ba su iya riƙe murya ɗaya ba.

Abin da ke damuna daban ne. Surukinki Mai Walda, mijin Auta, ya fara zuwa otal ɗin. Yana zama kusa da ƙofa da nasa shayin, ba ya magana da kowa, idonsa a kan hannuna. Ya ce ya zo ne ya raka ni gida saboda tsallake titi, kuma Auta ta san da zuwansa. Yaushe na zama makaho? Kin tuna yadda giya ta kusa kashe aurensu, har Auta ta kwaso yara ta dawo mana, kuma ba ta koma ba sai da ya daina, ta rantse a gabanmu cewa ranar da ta sake jin warinta a bakinsa ta fita ke nan. Tun daga lokacin ya fi fasto tsarki. Mutumin da ko tallar giya ya gani a bango sai ya kau da kai, me ya kawo shi mashaya? Kuma kada ki manta kawunsa yana cikin dattawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ki sha maganinki a kan lokaci. Na shayar da furanninki, ɗaya ya mutu, ba laifina ba ne.

Naki har kullum,
Malamin Waƙa

Laraba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, na sami amsarki. Na ji daɗi da kumburin ya sauka. Ki gaishe da Injiniya, ki ce masa uba ba ya cizo, yana iya rubuto layi biyu.

Kin ce in bar otal ɗin don zaman lafiya. Ashe ke ma sun riga ni zuwa wurinki. To, ki ji yadda aka yi.

Dattawa sun kira ni bayan sujada, a ɗan ofishin nan mai fanka mai kuka. Fasto ya fara da addu'a doguwa wadda rabinta da ni yake. Kawun Mai Walda ya ce bai dace tsohon malamin mawaƙa ya zauna a inda ake saɓo ba. Na tambaye shi ko direban motar haya da ke ikilisiya yana tambayar fasinja inda za shi kafin ya ɗauke shi. Ma'aji ya ce ana iya yin tuntuɓe saboda ni. Na ce ya nuna mini mutum ɗaya da ya faɗi, da sunansa, in ba haka ba kada a ɗaure ni da igiyar wani rarrauna da ba a haifa ba tukuna. Na bi da su aya bayan aya har fasto ya fara duba agogo. Suka ce za su yi addu'a a kai. In dattawa suka ce haka, an kayar da su ke nan.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Sun san waƙoƙin da nake kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda nake rufewa da ita. Wa zai gane su a yadda nake jan su, in ba wanda ya tashi a majami'a ba? Biri ya yi kama da mutum.

Don haka ranar Juma'a na yi wa ɗan rahoton nasu hidima. Da na gama waƙar farko na ɗaga kofina sama, na dube shi ido cikin ido, na kurɓa. Ya sunkuyar da kai. A hanyar gida kuwa na ba shi karatu kyauta, tun daga ƙofar otal har ƙofar gidanmu, don ya kai musu cikakke. Na ce masa abin da Allah ya halitta ba shi da laifi, zuciya ce ke da laifi. Na ce masa dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, na yara ne da masu tsoro, mutumin da ya balaga cikin bangaskiya shi ke mulkin kofinsa, ba kofi ke mulkinsa ba. Na ce babu mai ikon shar'anta lamirin wani. Ya saurara kamar ɗalibin kirki, har yana roƙo in maimaita masa wasu wuraren. Na ce a raina, haddace da kyau, kawunka yana jira.

Auta ta kawo mini abinci jiya. Ta yi ƙiba kaɗan, tana ta dariya. Ta ce ta gode wa Allah da mijinta ya shaƙu da ni haka, wai dā tsorona yake ji. Na karɓi kwanon na sa mata albarka. Ba na son in gaya wa yarinya cewa ɗan leƙen asiri take aure.

Ki daina sauraron matar Injiniya a kan maganata.

Naki,
Malamin Waƙa

Lahadi

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki. Ina fata ƙafar ta yi ƙarfin da za ta iya hawa mota, don wannan takardar kira ce.

Matar ma'aji ta tare ni a ƙofar majami'a makon jiya, fuskarta a sake. Ashe shagon ɗinkinta yana jingine da bangon bayan otal, tagar ɗakin fiyano a kansa take. Ta ce duk Juma'a ita da 'yan koyonta suna bin kiɗana da waƙa suna ɗinki, kuma ita ta ba mijinta labari don murna. Har ta roƙe ni in ƙara musu wadda aka yi a ranar aurenta. Ɗan rahoton da na yi ta farauta ke nan, mace mai allura a baki.

Da na je otal na tambayi mai kanta, kamar da wasa, ko surukina yana biyan kuɗin shayinsa ko a kaina yake rubutawa. Ya yi dariya ya ce ai mutumin kirki ne, tun zuwansa na biyu ya matso ya ce masa a hankali, “A ba ni irin shayin Baba.” Na ce wa ya gaya masa abin da ke kofina? Ya ce ba wanda ya gaya masa, tsohon mashayi ya san shayin da ba ya tururi. Ya ƙara da cewa dā kofi ɗaya yake sha kamar ni, amma tun makon da ya wuce ya koma uku, kuma in ya raka ni gida yakan dawo.

Ban iya kaɗa komai ba a ranar. Na ce wa mai otal yatsuna sun riƙe.

Washegari na sami Mai Walda a shagonsa yana haɗa ƙofar ƙarfe. Na jira ya kashe wuta ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na ce masa ya daina tun Auta ba ta sani ba. Bai musa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce da farko rakiyar ce da gaske ta kai shi, sai ya ga mutumin da ya fi kowa sani a ikilisiya yana sha hankali kwance, ya ce ashe shekarun nan tsoro ne kawai ya ɗaure shi. Daga nan ya karanto mini karatuna na hanyar gida, bai bar ko kalma ba, har da inda nake tsayawa in ja numfashi. Na ce masa ni daban, shi daban. Ya ce, “Baba, kai ka ce babu mai shar'anta lamirin wani.” Ya sauke gilashinsa ya kunna wuta.

Na kayar da dattawa biyar da wannan maganar. Na tsaya a shagon walda ina neman amsarta, tartsatsi yana zuba kusa da takalmina, ban samu ba. Har yanzu ina ganin ban yi kuskure a karatun ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Auta ba ta jira na yanke shawarar abin da zan gaya mata ba. Hanci ya riga ni. Ta zo da yamma, ba abinci a hannunta, ta zauna a kujerarki ta tambaye ni ko mijinta yana sha a inda yake raka ni. Na ce yana sha. Ta tambaya ko na sani tun farko. Na ce ban sani ba, na ɗauka aiko shi aka yi ya sa mini ido. Ta dube ni ta ce ai ita ta aiko shi, don ta ɗauka babu inda ya fi kusa da ni aminci a garin nan.

Yanzu tana ɗakinki da yaran. Tana gaishe ni safe da yamma kamar yadda ake gaishe da maƙwabci. Kawun Mai Walda ya zo biko ta ƙi fitowa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce dā na nemi a ba ni sunan mutum ɗaya da ya faɗi saboda ni, ko har yanzu ina bukata. Na rufe ƙofa a bayansa.

Na mayar wa mai otal makullin fiyanonsa. Ban yi don dattawa ba, kada ki bari su ce sun yi nasara. Na ɗauka in na daina zuwa, Mai Walda ma ba shi da hujjar zuwa. Matar ma'aji ta ce ta gan shi ya shiga ranar Juma'a, ta gan shi ranar Asabar, kuma yanzu ba ya neman kofi, kwalba ake ajiye masa.

Ki roƙi Injiniya ya sa ki a mota cikin makon nan, ko da sanda ne. Auta tana bukatar wanda za ta yi wa kuka, ni kuwa ba ta yarda ta yi a gabana.

Mijinki,
Malamin Waƙa