Wayata Ta Ce "Hoto", Ku Kuka Rubuta Ban Zo Ba

Zuwa ga Shugabar cibiyar da ke koyar da masu sana'ar hannu ta intanet.

Assalamu alaikum. Hajiya, ina gaishe ki da aiki, ke da ma'aikatanki.

Ni baduku ne a Koki. A aji uku na sakandare na tsaya, na kama wuƙa da basilla, kuma ba wanda ya ɗora ni. Shekara shida ke nan hawan jinin ido ya tafi da ganina. Ban rufe rumfa ba. Da yatsa nake raba fatar akuya da ta tunkiya, wayata kuma tana karanta mini duk abin da aka rubuta. Na shiga kwas ɗinku na fitar da kaya waje ne domin mai sayen jakunkunana ya ce sai da takardar shaidarku.

Koke uku na kawo miki. Na ɗaya, darussanku cike suke da hotuna marasa bayani. Inda aka nuna yadda ake manna takarda a jikin kwali, wayata "hoto" kawai take cewa, sai ta jero wasu lambobi. Malamin kuma ya ce "kamar yadda kuke gani", ya wuce. Na haɗiye, na ci gaba.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Sanarwar ranar jarrabawa kun ƙawata ta kamar katin ɗaurin aure, kuka turo ta imel a matsayin hoto, ko kalma ɗaya babu a ƙarƙashi. Na ɗauka gaisuwar Juma'a ce irin wadda kuka saba turowa. Ina zaune a rumfa ina ɗinki aka yi jarrabawar. A gaban sunana kuka rubuta ban zo ba.

Na uku, da na kira ofishinku, ma'aikacinku ya ce, "To Baba, ai sai ka riƙa ba wani yana duba maka." Hajiya, ni da nake ciyar da gida, in riƙa miƙa wayata ga masu wucewa?

Na tambaya, an ce akwai gurbin da ake rubuta bayanin kowane hoto, waya ta karanta wa makaho. Layi ɗaya ne. Ku kuka bar shi fanko.

Ba alfarma nake nema ba. A cike gurbin nan, a goge abin da aka rubuta a gaban sunana, a sa mini ranar jarrabawa kafin mai sayen nan ya koma wajen wani.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya bar miki ganinki. In za ku amsa mini, ku rubuta da haruffa. In hoto ne, bai iso ba.

Wassalam.

Sabi'u Baduku,
Koki, cikin birnin Kano.