Sojan da Baba Gyang ya ajiye mini

Laraba da dare, Kakuri, 1986

Baba Gyang ya sake cinye ni a wasan ces, darar nan ta Turawa. Masaƙa ta sallame shi, gobe zai koma Jos. A kan allon kowannenmu saura sarki da sojoji uku-uku, sai ya tura soja ɗaya can gefe, ba mai tsaronsa. Na bi shi da sarkina na ci. Kafin in dawo, sarkinsa ya share sojojina.

Ya ce, "Malam Sani, wannan ba diraf ba ne. Ba dole sai ka ci ba."

Shekara huɗu yana gaya mini haka. Ko haushi ban ji ba. Ya bar mini allon. Bayan ya fita na mayar da sojojin yadda suke ɗazu, wannan karon ban ci ba, amma ba kowa a ɗaya gefen.