Kirgin da Ya Tsare Ƙwaurin Affan

New Bell, Duwala
Afrilu 1994

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? A gaida Raudatu da mutanen gida.

Ni lafiya lau. Tunda darajar sefa ta faɗi ba mai son sabon takalmi, sai gyara, amma ba kullum nake kwana da yunwa ba. Kada Inna ta damu.

Maƙwabcina Affan, da aka sallama daga aiki a tashar jirgin ruwa, ƙwallo ke ciyar da iyalinsa yanzu. Ya ce mini, "Sirajo, protège na kanti ya fi ƙarfina, kuma ba a shiga fili sai da shi." Makarin ƙwauri ne da suke cusawa cikin safa. Na ninka kirgi uku, na yi masa ɗinkin da ka koya mini.

Ran Lahadi na je kallo. Wani ƙato ya taka ƙwaurin Affan da takalmi mai ƙusoshi, har bayan raga muka ji ƙarar. Na rufe ido ina salati. Da na buɗe, Baba, sai ga Affan a tsaye! Ƙusa ta huda ninki biyu, ta tsaya a na uku. Ikon Allah!

Mutum tara sun ce in yi musu. A aiko mini da kirgi mai kauri ta hannun direbobin Garwa. Ka sa mini albarka, domin ƙafafun mutane aka ba ni amana.

Ɗanka,
Sirajo