Ƙanenki Ya Sauka Daga Kujera

Dogarawa, Sabon Gari,
Zariya.

Zuwa ga Yaya Tabitha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Kosi da maigidanta da jikokin da suka riƙe mana ke a Ingila. Yaya ƙafar nan taki da sanyin can? Kullum kina cikin addu'armu. Mu nan lafiya lau. Dominic ya fara aiki a Jos, matarsa kuma ta yi nauyi, muna jira kowane lokaci.

Yaya, ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan: ƙanenki ya yi ritaya. Farfesa Mordecai da kansa ya sauka daga shugabancin Jami'ar Alheri bayan shekara ashirin da 'yan kai, ba wanda ya ture shi. Na san ba za ki yarda ba sai na ba ki labarin daga tushe.

Tun bara majalisar jami'ar ta matsa masa ya ƙara shekara biyu. Shugabanta, Injiniya Olusegun, har gida ya zo, yana cewa in Farfesa ya tafi makarantar za ta zama marainiya. Ƙanenki kuwa ya fara lallaɓowa yana ce mini wai shekara biyu kamar gobe ne. Ni dai gabana faɗuwa yake, don likita ya sha gaya masa hawan jininsa ba na wasa ba ne. Na yi magana, na yi fushi, na kai ƙara wurin fasto, duk a banza.

Ana cikin haka aka ce sai an yi masa aikin yanar ido a Kano. Likita ya hana shi karatu da duba waya, ni kuma na karɓe wayar na kulle a jakata. Muna can rijiyar burtsatsen ɗakunan kwanan ɗalibai ta lalace, yara suka fito da bokitai suna waƙa a bakin ofis. A makon nan kuma masu tantance kwasa-kwasai suka iso daga Abuja kafin ranar da aka sa. Da labari ya iske shi a gado, sai da na tare ƙofa, don ya tashi da bandeji a ido yana laluben takalmi.

Da muka dawo Samaru, ko gida bai shiga ba, ya ce a wuce da shi makaranta. Ya tarar ruwa na zuba, ɗalibai suna aji, baƙin Abuja sun tafi suna yabo. Mataimakiyarsa, Dokta Peculiar, wadda shi ya koyar da ita tun tana ajin farko, ta gama komai. Yaya, mutumin nan ya dawo gida ya ƙi cin tuwo! Ya zauna ya zumɓura baki kamar yaron da aka hana shi zuwa biki, wai ashe ko kewarsa ba a yi ba. Na tambaye shi, shin ba abin da yake roƙon Allah kenan ba tun makarantar tana gidan haya, wato ta tsaya da ƙafafunta ko ba shi? Washegari da safe na ji shi yana dariya shi kaɗai a baranda, ya ce in kawo ɗumamen tuwon jiya. Ranar ya je ya gaya wa majalisa cewa ya gode, amma su nemi wani. Peculiar suka zaɓa.

Bikin ban kwana kam sai wanda ya gani. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga Legas, Kafanchan, har Fatakwal. Injiniya ya tuna wa jama'a lokacin da Farfesa ne malami, shi ne direban bas, shi ne mai hawa tsani in kwano ya yi yoyo. Amma wadda ta sa ni hawaye ita ce Akunna, mai babban kantin magani a Kaduna yanzu. Ta ce da mahaifinta ya cire ta daga makaranta don ta tsare masa shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, Farfesa ya je da kwat ɗinsa ya zauna a kan benci daga safe har yamma, yana miƙo wa masu saye kaya, ya ce ba inda za shi sai an ba shi ɗalibarsa. Mahaifin nata yana wurin bikin, ya miƙe ya ce gajiya ya yi ya sallama, don Farfesa sai rikita masa kaya yake. Zauren ya ɓarke da dariya, ƙanenki kuwa yana ta goge idon da aka yi wa aiki.

Yanzu mun bar gidan makaranta mun dawo namu na Dogarawa. Jininsa ya sauka, yana barci kamar jariri. Yana raka ni kasuwa, sai dai tattasai da attarugu duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ba ma taku goma wani bai durƙusa ya gaishe shi ba. Ya shuka kuɓewa a bayan gida, yana zagaya ta da hannu a baya kamar mai duba jarrabawa.

Saƙonsa gare ki shi ne ki zo Kirsimeti. Ya ce ya san kin tara masa faɗan shekara ashirin, kuma duk lokacin da kika fara sai ya ce yana da taro. To, taro ya ƙare. Ya ce ki zo da shi duka, zai zauna ya saurara har ƙarshe.

Ki gaida Kosi da maigidanta da yara. Dominic da matarsa, da Kawu Julius na Jushi, da matan zumunta na coci duk suna gaishe ki. Ubangiji ya kiyaye ki, ya kawo mana ke lafiya.

Taki,
Diana, Maman Dominic.