Gilashi a Bangon Gidan Waya

Litinin, 3 ga Maris

Oga ya miƙo mini fayil ɗin tsohon gidan waya. Ana neman fili a tsakiyar gari don asibitin haihuwa. In ginin na da lafiya, zai shiga jerin gine-ginen tarihi, asibiti ya koma can bayan gada. In ba shi da lafiya, sai rusau. Sa hannuna ne zai raba gardama. Bai san Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga hatimi a wurin ba, ni kuma na ja bakina.

Laraba, 5 ga Maris

Na je. Maigadin nan ne dai na da, ya tsufa har ya ranƙwafa. Ya ƙura mini ido, ya ce, "Ashe 'yar Mai Hatimi ce injiniyar."

Ciki shiru, sai ƙanshin tsohuwar takarda. Haske na saukowa ta tagogin sama, daidai kan kantar da Baba ke ɗora ni ina lilo da ƙafa. Na daɗe a tsaye har na fara jin tim, tim ɗin hatimi. Na san tattabaru ne a silin. Duk da haka sai da na waiga.

Akwai tsaga a bangon gabas, yatsuna biyu na shiga. Na yi yadda aka koya mana: na gicciya siririn gilashi a kan tsagar, na manne bakinsa biyu da siminti, na rubuta kwanan wata a gefe. In bango ya daina motsi, gilashi zai zauna lafiya. In yana ƙara buɗewa, zai fashe. Sai nan da mako uku.

Asabar, 15 ga Maris

Na gama gyara ginin a raina. Ɗakin karatu a ƙasa, an goge tagullar akwatunan wasiƙa tana walƙiya, agogon bango ya dawo aiki. Har fenti na zaɓa.

Ƙanwata ta zo da cikinta na wata bakwai, ta zube a kujera tana mitar mota biyu da take hawa zuwa awo. Wai in ana rabon hankali a ofishinmu in karɓo wa masu tsara gari. Na yi dariya. Ban yi mata zancen fayil ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Gilashin ya fashe. A tsakiya, kamar an ja da rula.

Juma'a, 28 ga Maris

Abin kunya ne, amma wa zai karanta? Na sa an yanko mini wani gilashi irin na farko, na koma da shi a jaka, da ɗan siminti a leda. Tsohon kwanan watan na nan a bango, ba mai ganewa.

Maigadi ya kawo mini ruwan kwaɓi bai tambaye ni komai ba. Ina kwaɓawa yana ba ni labarin wani attajiri da wasiƙarsa ta makara, ya roƙi Baba ya mayar da hatimi baya da kwana ɗaya kacal. Wai Baba ya ce masa, "Ka yi haƙuri, hatimin nan ranar yau kaɗai ya sani."

Ban sani ba ko da gangan ya faɗa. Simintin ya bushe a kwano ina zaune. Na yi kuka, ba kaɗan ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Na sa hannu cewa ginin ba shi da lafiya. Na ƙara layi ɗaya, cewa a ciro kantar da ƙofofin akwatunan a sa su a ɗakin jiran asibitin. Oga ya ce za a duba. Na san "za a duba" ɗinsa, amma zan zame masa ƙarfen ƙafa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Har yanzu ba na son asibitin nan. Zanen da aka kawo ne ba shi da fasali, tagogi 'yan mitsi-mitsi, shi ya sa kawai na zauna da shi har aka tashi aiki. Na ɗaga tagogin ɗakin jira sama, na juya su gabas. Na lissafa, wajen ƙarfe goma haske zai sauka kan kantar Baba. Tsayinta daidai yarinya ta zauna tana lilo da ƙafa kafin uwarta ta fito.