Ranar da Mai Ruwa Ya Tsallake Gonarmu

Zuwa ga Yaya,

Bayan sallama da fatan zafin gidan burodi bai ƙarasa gasa ka ba. Inna tana gaishe ka.

Raina a ɓace nake rubuta maka. Tsohon nan Mai Ruwa, mai riƙe da makullin magudana, ya tsallake gonarmu. Ya ba na gabas, ya ba na yamma, mu kuwa ya wuce mu kamar makabarta. Ga alkama ta fitar da kai tana fure, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi. Ƙasa ta tsage har hannuna yana shiga. Na yi masa magana, ya ce layi bai zo kanmu ba. Layin da tun Baba yana raye ba a taɓa canzawa ba.

Ka rubuto wa shugaban manoma. Ka gaida matata da ka ƙwace.

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Na amsa sallamarka. Saura ban amsa ba.

Inna ta aiko a gaya mini abin da ka ɓoye. Ka sami Mai Ruwa, mutum sa'an mahaifinmu, yana barcin rana, ka cusa masa saɓar maciji a takalmin ruwa. Ya farka ya zura ƙafa, ya yi tsalle ya faɗa magudana a gaban manoma, kai kana bisa gaɓa kana tafi.

Kullum hannuna cikin gari yake, na san abin da alkamar da ta sha ƙishi take zama. Ƙwaya ta tsamure, a niƙa ta a sami dusa. Mai injin ko buhun ba zai kwance ba. Ba wanda zan rubuta wa. Ka je ka ba shi haƙuri. In alkamar nan ta lalace, wallahi haya zan ba da gonar, ka nemi inda za ka riƙa wasanka.

Yayanka.

*

Yaya,

Sallama dai, tunda wajibi ce.

Saɓa ce fa, ba maciji ba. Ba ta cizo. Kuma ruwan da ya faɗa iya gwiwa ne, mutumin ma yana bukatar wankan. Don wannan sai a kashe abincin gida guda? In ni na yi laifi, ya kama kunnena ya murɗa. Me alkama ta yi masa?

Kai kana can kana hukunci da kan biro. Ni na yi kaftu, ni na yi shuka tun farkon sanyi don kada zafi ya riske ta, ni na cire ciyawa har bayana ya ƙage. Na zuba taki na biyu ina jiran ruwa washegari, ga shi nan kwance a busasshiyar ƙasa, bai amfane ta da komai ba. Kadadun da ke can ƙarshen gona zangarniyarsu ta fara fari. Jiya Inna ta je ta gani, ta dawo ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta zage ni ma ya fi.

Gonar ta Baba ce, ba taka kai kaɗai ba. Ba zan durƙusa wa azzalumi ba.

Auta.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Shirunka ya iso.

Na je. Na durƙusa a gaban mutanen da suka yi dariyar. Ya ce, "Ɗan marigayi, ƙara ɗaga murya, kunnena ya sha ruwa." Na ƙara. Ya sa na yashe masa magudana tun daga makulli har bakin gonarmu, sannan ya buɗe.

Yanzu mun girbe. Ga ƙulli biyu na ba direba ya kawo maka. Mai farin zare daga rabin da ke bakin ruwa ne, inda danshi ya riƙe ta. Mai baƙin zare daga rabin ƙarshe ne. Ka murza a tafin hannu, ka tauna. Kada ka hura da ƙarfi, na biyun tashi zai yi.

Har yanzu ina cewa zalunci ne. Amma kada ka ba da gonar.

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Na tauna duka biyun. Na farko alkama ce. Na biyu na watsa wa kaji.

Rabin bakin ruwa ka ci gaba da nomawa. Rabin ƙarshe na ba Mai Ruwa haya, ya kuma karɓa. Nasa ba zai kwana da ƙishi ba, kuma ruwa ba shi da hanyar zuwa can sai ta cikin naka.

Kullum da safe za ku haɗu a kan iyaka. Kai za ka fara gaishe shi.

Ka gaida Inna.

Yayanka.